Gaɓa da Ƙwayar Ma'ana a Dogayen Kalmomin Ingilishi

1.0 Gabatarwa

Yaron da ya tashi da Hausa a bakinsa, idan ya buɗe littafin kimiyya na ƙaramar sakandare ya ci karo da kalma irin “photosynthesis”, cikin abu biyu yakan yi ɗaya. Ko dai ya tsallake ta ya ci gaba da karatu, ko kuma ya kama haruffan farko ya cinci sauran. Duk wanda ya yi daga ciki, ma'anar jimlar ta kuɓuce masa, kuma ranar jarrabawa kalmar za ta sake tare masa hanya. Tun daga manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 an sha sauya ra'ayi a Nijeriya game da ajin da ya dace a fara koyar da yaro da Ingilishi, amma ba a taɓa fasa rubuta jarrabawar lissafi da kimiyya ta kammala sakandare cikin wannan harshe ba. Ke nan dogayen kalmomin Ingilishi kaya ne da babu makawa sai ɗalibi ya ɗauka.

Ana iya tambaya, me ya kawo wannan magana cikin darasin Hausa? Amsar ita ce, malamin Hausa shi ya san irin gaɓar da harshen yaron ya saba da ita, don haka ya fi kowa sanin inda zai yi tuntuɓe. Bugu da ƙari, ɗaruruwan kalmomin da Hausa ta aro daga Ingilishi ba za a gane yadda aka hausantar da su ba sai an san ƙirarsu ta asali.

Doguwar kalma tana yankuwa ta hanya biyu. Akwai yankan da kunne yake yi, shi ke ba da gaɓoɓi. Akwai kuma yankan da ma'ana take yi, shi ke ba da ƙwayoyin ma'ana, wato saiwa da ɗafe-ɗafenta. Wani lokaci yankan biyu sukan faɗa wuri ɗaya, wani lokaci su saɓa, kuma a wannan saɓani ne yawancin ruɗanin ɗalibai yake.

2.0 Gaɓar Hausa da Gaɓar Ingilishi

Gaɓa ita ce yankin kalma da ake furtawa a bugun murya ɗaya, wanda yawanci wasali ne cibiyarsa. Kamar yadda aka sani, ƙirar gaɓar Hausa uku ce kawai: baƙi da gajeren wasali, BW, kamar a ma-ce, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, BWW, kamar a ra-na da kai, sai baƙi da wasali da baƙi, BWB, kamar gaɓar farko ta han-ci. Ta farko ita ce marar nauyi, sauran biyun masu nauyi ne, bambancin da Paul Newman ya fito da muhimmancinsa a wata maƙala a 1972. Babu gaɓar Hausa da take farawa da wasali, domin ko kalma irin “ido” da hamza take farawa, ba a dai rubuta ta ne. Haka kuma baƙaƙe biyu ba su yin cunkoso a goshin gaɓa ko a ƙeyarta. Tsananin wannan doka ne ya sa dogon wasalin ƙarshen “gida” yake gajarcewa da zarar an ce “gidan”, don kada gaɓar ta wuce ma'auninta.

Ingilishi bai san wannan takura ba. Gaɓarsa tana iya zama wasali tsura, kamar ta farko a “a-bout”. Tana iya ɗaukar baƙaƙe har uku a goshi, muddin na farkon s ne, kamar a “street” da “spring” da “splash”. A ƙeya kuwa har huɗu take ɗauka: kalmar “texts” da sautukan k, s, t, s take ƙarewa. Kalmar “strengths” haruffa tara ce, amma gaɓa ɗaya tak. Bahaushe idan ya zo furta irin wannan, harshensa kan nemi mafita ta hanyar saƙala wasali tsakanin baƙaƙen, ko ya lanƙaya wani a ƙarshe. Shaidar haka tana nan cikin kalmomin aro:

glass, gaɓa 1, ta zama gi-la-shi, gaɓa 3
bread, gaɓa 1, ta zama bu-ro-di, gaɓa 3
driver, gaɓa 2, ta zama di-re-ba, gaɓa 3
plaster, gaɓa 2, ta zama fi-las-ta, gaɓa 3
primary, gaɓa 3, ta zama fi-ra-ma-re, gaɓa 4

A lura da “filasta”. An raba p da l na goshin kalma da wasali, amma an bar s da t na tsakiya, saboda s ta rufe gaɓa ta biyu, t kuma ta buɗe ta uku. Haka “bench” ta zama ben-ci. Wato Hausa ba ta ƙin baƙaƙe biyu su yi maƙwabtaka, abin da take ƙi shi ne su zauna cikin gaɓa ɗaya a gefe ɗaya. Wannan hausantarwa daidai take a cikin Hausa, kuma ba kuskure ba ne a ce “gilashi”. Matsalar tana zuwa ne idan yaro ya ɗauki dokar ya shiga da ita cikin Ingilishi, ya mayar da kalma mai gaɓa huɗu ta koma bakwai.

2.1 Ƙidayar Gaɓa

A Hausa ƙidayar gaɓa abu ne mai sauƙi, domin rubutun boko yana bin furuci sau da ƙafa. A Ingilishi harafi daban, sauti daban. Haruffan wasali biyar ne, in an haɗa da y shida, alhali sautukan wasali a daidaitaccen Ingilishin Ingila sun kai 20. Rubutun ya fara daskarewa ne bayan William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Westminster a 1476, furuci kuwa ya ci gaba da sauyawa, musamman na dogayen wasula. Sakamakon haka shi ne, wanda ya ƙirga haruffan wasali don ya san yawan gaɓa zai sha mamaki. “Make” tana da haruffan wasali biyu, gaɓarta ɗaya. “Queue” tana da huɗu, gaɓarta ɗaya. “Idea” kuwa, duk gajartarta, gaɓa uku ce. “Cream” gaɓa ɗaya ce, “create” biyu, ga shi kuwa haruffa huɗun farko iri ɗaya ne.

Akwai kuma gaɓar da baƙi ne cibiyarta, abin da Hausa ba ta da shi sam. Gaɓa ta biyu a “bottle” sautin l ne yake riƙe da ita, a “button” sautin n, a “rhythm” kuma m. Sannan akwai gaɓoɓin da ake rubutawa amma baki ya haɗiye su. “Vegetable” da “comfortable” a ido gaɓa huɗu-huɗu ne, a bakin yawancin masu harshen uku-uku. “Wednesday” biyu ce. Saboda haka ƙidaya da kunne ake yin ta. Dabarar da aka daɗe ana amfani da ita a aji ita ce yaro ya sa bayan hannunsa ƙarƙashin haɓarsa ya furta kalmar a hankali, duk saukar da haɓa ta yi gaɓa ɗaya ke nan. Dabarar tana aiki, amma da sharaɗin malamin ya fara furta kalmar daidai, in ba haka ba yara kuskurensa za su ƙirga.

2.2 Inda Ake Yanka

Sanin yawan gaɓa daban, sanin iyakar kowace daban. Ƙa'idar da masana tsarin sauti suka fi dogara da ita ita ce, idan baƙaƙe suka taru tsakanin wasula biyu, a tura wa gaɓar gaba duk abin da za ta iya ɗauka, muddin akwai kalmar Ingilishi da take farawa da wannan jeri. Alal misali, “instruct” tana yankuwa in-struct, tun da akwai kalmomi masu farawa da str, babu kuwa mai farawa da nstr. “Apron” ta zama a-pron. Amma “atlas” at-las ce, domin babu kalmar Ingilishi da take farawa da tl.

Littattafan koyon karatu sun sauƙaƙa wannan zuwa 'yan dokoki na rubutu. Baƙaƙe biyu tsakanin wasula a raba su, kamar win-dow da let-ter. Baƙi ɗaya ya bi gaɓar gaba idan wasalin baya dogo ne, kamar pa-per da mu-sic, ya tsaya a baya idan gajere ne, kamar lem-on da cab-in. Haruffan le na ƙarshe su ja baƙin da ke bayansu, kamar ta-ble. Haruffa biyu masu wakiltar sauti ɗaya, irin su th da sh da ch da ph, ba a raba su, kuma wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san ba a raba sh a ki-shi-ya ko ts a tsun-tsu.

Wuri ɗaya yana bukatar jan kunne. A Hausa, baƙin da aka rubuta sau biyu sau biyu ake furta shi, shi ya bambanta “mana” da “manna”. A Ingilishi “letter” da t ɗaya ake furta ta, “grammar” da m ɗaya. Yankan let-ter na alƙalami ne kawai. Ɗalibai Hausawa da yawa sukan danne baƙin kamar yadda suka saba, kuma malamin da bai san tushen abin ba sai ya yi ta gyara ba tare da ya faɗa musu dalili ba.

2.3 Gaɓar da Ake Ƙarfafawa

Hausa harshe ne mai karin sauti: hawa da saukar murya ne suka raba “kuka” na hawaye da “kuka” ta miya. Ingilishi da ƙarfafawa yake aiki. A kowace doguwar kalma akwai gaɓa ɗaya da ake ɗaga murya a kanta, a ja ta, a fito da wasalinta sosai, yawancin sauran kuma a raunana su. A “banana” harafin a ya zo sau uku, amma na tsakiya ne kaɗai yake da cikakken furuci. Wurin ƙarfafawar yana iya motsawa ko da saiwar ɗaya ce: PHO-to-graph, pho-TO-gra-phy, pho-to-GRA-phic. Har ajin kalma yana sauyawa da ita, domin RE-cord suna ne, re-CORD kuma aikatau. Abin da ke jan ƙarfafawa daga wuri zuwa wuri, a mafi yawan lokaci, ɗafa-ƙeya ne, wanda ya kawo mu ga yanka na biyu.

3.0 Ƙwayoyin Ma'ana

Ƙwayar ma'ana ita ce mafi ƙanƙantar yankin kalma da ke ɗauke da ma'ana ko wani aiki na nahawu. A “makaranta” akwai ɗafa-goshi ma-, da saiwa karant-, da ɗafa-ƙeya -a. Gaɓoɓinta kuwa ma-ka-ran-ta ne, inda t ta rabu da saiwarta ta bi wasalin ƙarshe. Ga saɓanin yankan biyu nan tun a Hausa. Ingilishi ma haka: “teacher” a kunne tea-cher ce, a ma'ana teach da -er. “Cats” gaɓa ɗaya ce mai ƙwayoyin ma'ana biyu. “Elephant” gaɓa uku ce mai ƙwayar ma'ana ɗaya. Ɗafa-ƙeyar -ed ta shuɗaɗɗen lokaci ba ta ƙara gaɓa a “walked” da “played”, amma tana ƙarawa a “wanted” da “needed”, saboda saiwar ta ƙare da t ko d.

Yawancin dogayen kalmomin Ingilishi baƙi ne a cikinsa. Kalmomin gado gajeru ne: “man”, “house”, “eat”, “bread”. A 1066 Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a na kusan ƙarni uku. Daga baya, a ƙarni na 16 da na 17, masu ilimi suka kwaso dubban kalmomi daga Latin da Girkanci, kuma har yau daga waɗannan harsuna biyu ake ƙera kalmomin kimiyya da likitanci. Wannan ya yi kama da matsayin Larabci a Hausa, inda kalmomin addini da shari'a da ilimi da yawa daga can suka fito.

Amfanin sanin haka shi ne, saiwoyi da ɗafe-ɗafen da ake gina waɗannan kalmomi da su ba su da yawa, maimaita su ake yi. Wanda ya san port na nufin ɗauka, ya san im- da ex- da trans- na nufin ciki da waje da ƙetare, ya mallaki “import” da “export” da “transport” a zama ɗaya. Wanda ya san bio rai ne, geo ƙasa, tele nesa, phone sauti, graph rubutu, logy nazari, to “biology” da “geography” da “telephone” da “biography” sun buɗe masa. Ita “photosynthesis” gaɓa biyar ce, pho-to-syn-the-sis, amma sassanta uku ne: photo haske, syn tare, thesis ajiyewa, wato harhaɗawa da taimakon haske.

Ɗafe-ɗafe ba a jera su kara zube, hawa-hawa ake yi. A duba “internationalization”, mai haruffa 20 da gaɓa 8. Daga nation, al'umma ko ƙasa, aka ɗafa -al ta zama sifa. Aka ɗafa inter- ta zama abin da ya shafi tsakanin ƙasashe. Aka ɗafa -ize ta zama aikatau. Aka ɗafa -ation ta koma suna. Ɗafa-ƙeyar ƙarshe ita ke faɗin ajin kalma. Duk kalmar da ta ƙare da -tion ko -ity ko -ness kusan a ce suna ce, mai -ous ko -able kuma sifa.

Ɗafa-ƙeyar tana kuma nuna wurin ƙarfafawa. -tion da -ity da -ic suna jawo ta kan gaɓar da ke daf da su ta baya: edu-CA-tion, elec-TRI-city, eco-NO-mic, ko da yake akwai 'yan tsirarun da suka bijire, kamar A-rabic. Su kuwa -ness da -ful da -ly da -ment ba su taɓa ta: GO-vern, GO-vernment. Wannan 'yar ƙa'ida ta fi haddar furucin kalmomi ɗari amfani, abin takaici ba kasafai ake koyar da ita a makarantunmu ba.

3.1 Naso a Bakin Ɗafi

Ɗafa-goshi yakan sauya kama saboda baƙin da ya tarar. In- mai kore ma'ana tana nan yadda take a “inactive”, ta zama im- a “impossible”, il- a “illegal”, ir- a “irregular”. Con- mai nufin tare ta zama com- a “compose”, col- a “collect”. Wannan naso ne, irin wanda ke sa Bahaushe ya rubuta “gidan Bala” ya furta “gidam Bala”, ko ya ce “rigas sarki” maimakon “rigar sarki”. Yaron da aka nuna wa haka ya san dalilin l biyu a “illegal”, ba zai sake yar da ɗaya ba.

Wani abin sha'awa shi ne yadda dokar gaɓa take ɓoye sauti ko ta bayyana shi. Girkanci yana fara kalma da pn da ps da pt, Ingilishi ba ya yi, don haka p ba ta fitowa a “pneumonia” da “psychology”, shi ya sa Hausa ta aro “nimoniya” ba tare da ita ba. Amma a “helicopter” p tana fitowa. Sassan kalmar su ne helico, murɗaɗɗe, da pter, fiffike. Kunne ya yanka ta he-li-cop-ter, p ta sami gaɓar baya ta rufe, ta tsira. Haka g take ɓuya a “sign” ta bayyana a “sig-nature”. “Democracy” ma daga demos, jama'a, da kratos, iko, aka gina ta, amma ƙamusoshi da dama de-moc-ra-cy suke yanka ta. Hausa ta karɓi wannan kalma ta hanyar Larabci, ta shimfiɗa ta gaɓa shida, di-mo-ku-ra-ɗiy-ya.

3.2 Inda Fiɗa Take Yaudara

Ba duk abin da ya yi kama da ɗafi ne ɗafi ba. “Uncle” ba un- da cle ba ce, “corner” ba ta da alaƙa da “corn”, kamar yadda ma- ta “mage” ba ɗafa-goshi ba ce, ba- ta “bakwai” kuma ba irin ta “Bahaushe” ba ce. Mafi haɗari ita ce “inflammable”. Mai ganin in- zai zaci abin ba ya kamawa da wuta, alhali ma'anarta mai saurin kamawa da wuta, kuma kalma ce da ake iya gani a jikin tankar mai. In- ɗin nan ta shiga ce, ba ta korewa ba. “Invaluable” kuma abin da darajarsa ta wuce a kimanta take nufi.

Akwai kuma saiwoyin da ba su tsayawa da ƙafarsu, kuma ma'anarsu ta dushe a zukatan masu harshen, kamar ceive a “receive” da “deceive” da “perceive”. Hausa tana da irin wannan a “alƙalami” da “albasa” da “aljihu”, inda al- ta Larabci ta narke cikin kalma har ba mai jin ta a matsayin ɗafi. Ita wannan al- ɗin ce a “algebra” da “alcohol” na Ingilishi. A nan ya kamata malami ya gargaɗi yara cewa “alkali” ta darasin kimiyya daga kalmar Larabci mai nufin toka ta fito, ba ruwanta da mai shari'a.

4.0 Kalmomin da Suka Yi Suna Wajen Tsawo

Yara suna son a ba su kalma mafi tsawo, kuma babu laifi a biya musu bukata, don tsoro yana raguwa idan aka fiɗe dodo a gabansu. “Antidisestablishmentarianism” haruffa 28 ce, gaɓa 12. Cibiyarta establish, kafawa. Establishment shi ne abin da aka kafa, a nan matsayin Cocin Ingila na cocin hukuma. Dis- ta kawo rushe wannan matsayi. Anti- ta kawo adawa da rushewar. -Arian mai wannan ra'ayi. -Ism kuma ra'ayin kansa. Rikicin da kalmar take nuni gare shi na ƙarni na 19 ne, zamanin da majalisar Birtaniya ta zartar da dokar 1869 wadda ta raba cocin Ireland da hukuma.

Wadda ta fi ta, “pneumonoultramicroscopicsilicovolcanoconiosis”, haruffa 45 ce, kuma da gangan aka ƙera ta a Amurka a 1935 a wata ƙungiyar masu wasa ƙwaƙwalwa, don kawai ta yi tsawo. Sassanta su ne huhu, da wuce iyaka, da ƙanƙanta, da gani, da sinadarin yashi, da dutse mai aman wuta, da ƙura, da cuta. Likitoci “silicosis” suke ce wa ciwon huhun da ƙurar dutse ke haddasawa.

A aji, abin da ya fi dacewa shi ne a fara da yankan ma'ana kafin na kunne. A rubuta kalmar a allo, a ja layi ƙarƙashin ɗafa-goshi, a zagaye ɗafa-ƙeya, a tambayi yara ko sun taɓa ganin abin da ya rage a wata kalma. Bayan haka a yanka gaɓoɓi, a nemo wadda ake ƙarfafawa, a furta tare. Idan aka koma ƙamus don tabbatarwa, a tuna cewa ɗigon da ke raba kalma a kan shigarta wurin yankewa a ƙarshen layi yake nunawa, furuci kuwa yana cikin alamomin da ke biye. Ƙamusoshin ma ba su taru a kan yanka ɗaya ba: al'adar maɗaba'un Ingila ta fi karkata ga asalin kalma, ta ba da know-ledge, ta Amurka kuma ta fi bin kunne, ta ba da knowl-edge.